Shafi na Bakwai

Sati uku da rasuwar Auta, abokiyar aikinta ta zo gidan rungume da kwali. Ita ce wadda suke kira Doguwa a ofis, kuma sunan bai yi ƙarya ba, sai da ta sunkuya kafin ta shiga ɗakin ɗinki. Umma na zaune a bakin keke, ƙafarta a kan mataki, amma ba ɗinki take ba. Tun ranar da aka fita da Auta ba ta zura zare a allura ba.

"Sannu da gida, Mama. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, 'yar nan. Ture yadin can ki zauna."

A cikin kwalin akwai kofin shayi mai tsagaggen baki, da cajar waya, da silifas ɗin da Auta ke sawa a ƙarƙashin tebur idan takalmi ya dame ta. Umma ta ɗauki silifas ɗin ta juya. Dunduniyar hagu ta fi cinyewa, haka take tafiya tun tana ƙarama. Ta mayar ta rufe kwalin.

"Akwai abin da nake so in nuna miki," in ji Doguwa. Ta zaro kwamfuta daga jaka, ta ɗora a kan teburin yanka, ta buɗe.

Umma ta san wurin nan da ya bayyana a fuskar kwamfutar. Farin fili ne mai faɗi, an jera hotunan fuskar waya guda goma sha biyu kamar shanya a igiya, wasu siraran zare shuɗɗa sun haɗa wannan da wancan. Aikin Auta ke nan. Ita ke zana yadda manhaja za ta bayyana a waya: ina maɓalli zai zauna, wane launi zai ɗauka, idan mutum ya danna wane shafi zai buɗe masa. Maƙwabta sun sha tambayar Umma wai wane irin aiki yarinyar take yi da ba ta rabuwa da kwamfuta, sai ta ce musu, "Tela ce ita ma. Waya take ɗinka wa riga."

Wannan aikin na ƙarshe na asibitin masu hawan jini da ciwon suga ne, inda Umma kanta take zuwa duk wata. Yadda ake yi yanzu, sai mutum ya yi sammako ya bi layi a taga kafin a ba shi lambar ganin likita. Idan manhajar ta fito, daga gida kowa zai zaɓi ranarsa a waya, a rufe tagar.

"Ƙarshen watan nan za a sake ta," in ji Doguwa. "Oga ya ce kada wanda ya taɓa ko ɗigo. Yadda ta bar aikin haka zai fita. Kin ga ɗan kwaɗon nan? Ya kulle fayil ɗin. Ga kuma sunanta a sama. Manhajar da muke zane da ita tana rubuta sunan wanda ya taɓa aiki a ƙarshe, to nata ne a wurin, da kwanan wata. Muna so ya zauna haka."

Umma a aji uku ta tsaya a makaranta. Tana haɗa baƙi a hankali, amma sunan 'yarta kam ko daga nesa tana gane shi. Ta daɗe tana kallonsa.

Doguwa ta ja filin zuwa shafi na bakwai. A gefensa akwai 'yar takarda rawaya, irin wadda suke liƙa wa juna saƙo da ita a cikin manhajar.

"Ji abin da ta rubuta: 'Umma ta gwada sau uku, ta wuce ba tuntuɓe. Wannan shafin ya kammala.' Kin gani, Mama, har ke kina ciki. Da wannan Oga ya shawo kan mutanen asibiti. Sun so a ƙara gwaji, ya ce musu ai an gwada da mai zuwa asibitin nasu, kuma ta wuce."

Umma ta ɗauke idonta daga takardar. Ta ce, "Allah ya jiƙanta."

Doguwa ta ce amin, tana share ido da bayan hannu. Ba ta lura Umma ta damƙe bakin tebur ba.

Shekara huɗu Umma ta yi tana yi wa Auta wannan gwajin. Idan ta gama zane sai ta tura shi cikin waya, ya zama kamar manhajar gaske, ta kawo ɗakin ɗinki ta ajiye a gaban uwarta. Buƙata ɗaya kawai take faɗa: "Umma, kina son ganin likita ranar Alhamis. Ga waya." Daga nan ta cusa hannayenta ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu, ta yi gum. Dokar aikin ke nan. Ba nuni, ba gyaran murya, ko da Umma za ta yi minti goma tana lalube.

"To ke ba za ki ce komai ba? Kin zuba min ido kamar mage."

"In na faɗa miki, wa zai faɗa wa matar da ke zaune ita kaɗai a gidanta?"

"Ni fa kaina ya kulle."

"Ba kanki ba ne, zanena ne. In kin ɓata, ni na ɓatar da ke."

A da kam Umma tana ɓata son ranta, har da jin daɗi. Ta danna inda ba a dannawa, ta ce wannan maɓallin yatsan jariri aka auna, wancan rubutun kuma sai mai ido huɗu. Auta ta yi ta dariya tana rubutawa a littafi.

"Umma, kin fi Oga tsanani."

"Shi kunyarki yake ji. Ni na yi miki wanka."

Washegari sai ta dawo da gyara. Da tef ɗin awo na ɗinki ta auna babban yatsan Umma, ta ce duk maɓallin da bai kai wannan faɗin ba ba zai shiga aikinta ba. Ita ta koya wa 'yan ofis su riƙa ƙanƙance ido suna kallon shafi daga nesa, su ga me ke fara fitowa. Shafi ɗaya, buƙata ɗaya, haka take cewa. Ranar da masu manhajar zanen suka sabunta ta suka sauya wa kayan aiki wuri, kwana biyu ta yi tana mita, wai kamar a shigo ɗakin mutum a mayar masa da almakashi cikin firji. Umma ta ce, "To yau kin ji abin da kike mana."

Sai ciwon ƙoda ya zo. Watanni biyar na ƙarshe a kan gado take aikin, an jingina mata filo biyu, kwamfuta a kan tire. Ƙafafu sun kumbura, ido ya faɗa. Ba ta iya zuwa asibitin ta gwada da mutane kamar yadda ta tsara, 'yan ofis kuwa duk masu karatu ne, ko ido rufe za su wuce. Umma kaɗai ta rage mata.

Shafi na bakwai shi ne inda mutum ke tabbatar da ranarsa. Maɓalli biyu ne kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya kore mai sanyin launi, na amincewa. Ɗaya ja, na sokewa. Auta ta yi shi ja ne don a ji tsoronsa. Umma kuwa shekara talatin tana zaɓar wa mutane zare, ja idonta ke fara gani, kuma a saninta abin da ya fi ɗaukar ido shi ake so a taɓa. Ranar gwajin, da hantsi, yatsanta ya miƙe kai tsaye zuwa jan. Saura ƙiris ta taɓa sai ta ji numfashin Auta ya tsaya. Ta ɗago kai. Yarinyar ba ta ce komai ba, ba ta motsa ba, amma uwa ta san fuskar da ta haifa. Ta hango abin da ke jiranta idan za a sake shafin nan: wani yinin kuma a zaune, baya na ciwo, amai na tasowa. Umma ta karkatar da yatsa ta danna koren.

Numfashin ya sauka.

"Me ya sa kika zaɓi wannan, Umma?"

"Ai a bayyane yake."

Na biyu da na uku ba gwaji ba ne, ta riga ta san amsar. Ta ƙudura a ranta idan yarinyar ta samu sauƙi za ta gaya mata, su yi dariya, a gyara. Kwana tara bayan nan Auta ta cika.

Da la'asar, bayan tafiyar Doguwa, babbar 'yarta ta zo, wadda kowa a gidan ke kira Yaya. Kullum in ta tashi daga makarantar da take koyarwa nan take fara biyowa. Ta tarar da Umma a ɗakin Auta, zaune a bakin gado. Suna ninke kayan marigayiyar ne Umma ta gaya mata komai, ba ta rage ba.

Yaya ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Umma, don Allah ki bar maganar nan. Maɓalli ne fa. Wanda ya yi kuskure sau ɗaya zai koya."

"In ka soke ranarka wani ke ɗauka. Wata guda za ka jira kafin ka koya. Magani kuma ba ya jira."

"Abu ɗaya ne ya rage a duniya da hannunta a kai. Ki tashi ki je ki ce musu aikinta bai yi ba? Tana ina da za ta kare kanta?"

"Ba aikinta ne bai yi ba. Ni ce ban yi nawa ba."

"Su ba haka za su ji ba. Kuma suna taɓawa sunanta ya tashi. Kin ce da idonki kin gan shi. Ki bar mata mana."

Umma ta ɗauki rigar da Yaya ta ajiye ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. Kwana huɗu tana juya maganar. In ta ce za ta je, sai ta tuna sunan nan a saman farin fili. In ta ce ta bari, sai ta ji abinci ya ƙi wucewa.

Ranar Alhamis ranar asibitinta ce. Ta karɓi lamba ta zauna a dogon bencin da ke jikin bango, inda fenti ya goge daidai bayan mutane. An manna sanarwa a jikin tagar, da hoton hannu riƙe da waya. Ba ta daɗe ba Mai Kitso ta iso tana jan ƙafa. Shekara shida suke haɗuwa a bencin nan. Ta girmi Umma nesa ba kusa ba, suga ya rage mata gani har ta daina kitson, amma bai rage mata baki ba. Bara waccan ta yi fashin zuwa wata biyu, abin ya ƙare da yanke mata ɗan yatsan ƙafa.

"Mutuniyar, matsa min. Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"An ce min 'yarki ce ta yi abin nan da suka manna. Allah sarki. Ni kam na ce in ita ta yi, to da mu a ranta ta yi."

"Wa zai riƙa duba miki wayar?"

"Wa kuwa? Jikata ta koma wurin uwarta. Daga ni sai ita." Ta kwance bakin zane ta fito da waya mai tsagaggen gilashi, ta kai ta dab da hanci. "Ai ba wuya. In abu ya fito, wanda ya fi haske nake dannawa. Har yau ba ta fashe ba."

Umma ta dubi ƙafar da ke cikin buɗaɗɗen takalmi, yatsu huɗu. Ta dubi sauran bencin, mutum wajen ashirin, rabinsu da furfura.

"Gobe kina da abin yi?"

"Ina da taro da gwamna. Me ya faru?"

"Rakiya za ki yi min."

Ofishin yana hawa na biyu, a saman wani shagon tayoyi. Mai Kitso sai da ta huta sau uku a bene, tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro shi. A ciki dogayen tebura biyu ne, kowa da kwamfutarsa, iska mai sanyi na busawa. Kujera ɗaya ce ba kowa, an tura ta ƙarƙashin tebur. Umma ta kau da ido.

Doguwa ta taso da sauri. Oga ma ya fito daga ɗan ɗakinsa na gilashi, gajeren mutum mai furfura a gemu. Ya rusuna ya gaishe su, ya sa aka kawo kujeru da ruwa. Umma ba ta zauna ba. Ta ji in ta zauna maganar ba za ta fito ba.

"Takardar nan da yarinyar ta rubuta, wai na wuce sau uku. Ban wuce ba."

Hannaye suka tsaya a kan kwamfutoci.

"Jan zan danna. Fuskarta na kalla na gane ba shi ba ne. Ba ta da lafiya, ban so ta sake aikin. Ita ba ta sani ba. Abin da ta gani ta rubuta."

Oga ya shafa gemu. Ya yi magana a hankali, irin yadda ake yi wa mara lafiya.

"Mama, rashi yana sa mutum ya yi ta neman laifin kansa. Mu nan mun duba shafin, ba mu ga matsala ba. In kina so ki sake gwadawa yanzu, hankalinki ya kwanta."

"Ni na lalace, na san amsar. Auta ce ta gaya min wanda ya san amsa ba a sake gwaji da shi. Shi ya sa na zo da wadda ba ta taɓa gani ba."

Mai Kitso ta sauke kofin ruwa. "Au, ni ce akuyar gwajin? Da kin faɗa min da na sa sabon zane."

Wani a can baya ya yi 'yar dariya, ya haɗiye. Oga ya dubi Doguwa. Doguwa ta ɗauko wayar gwaji ta buɗe shafi na farko, ta ajiye a gaban tsohuwar.

Umma ta ja kujerarta ta juya ta tana fuskantar bango.

"Mama, ki dawo nan mana ki gani," in ji Doguwa.

"Shekara shida muna benci ɗaya. Fuskata za ta karanta. Ke ma ki tsaya a bayanta, kada ta gan ki."

Bangon fari ne, da kalanda da wani tabon ƙusa. Umma ta zauna ta haɗa hannuwa a cinya, tana ji da kunne.

"Baba, kina son ganin likita ranar Alhamis," in ji Doguwa. "Ga waya."

"Shi ke nan? Ba za a nuna min ba?"

Doguwa ta koma bayanta ta tsaya.

"Yaran yanzu ba tarbiyya. To. Wannan hoton likita ne ko mai gyaran rediyo? Likita ne, ga abin nan a wuyansa. Na danna." Aka ɗan jima. "Kai, wannan maɓallin ya yi, kamar an auna yatsana."

Umma ta runtse ido.

Shafi na biyu, na uku. A na huɗu tsohuwar ta tsaya tana ƙirga kwanaki da baki, Litinin, Talata, Laraba, ta samu Alhamis. Na biyar da na shida ta wuce tana surutu, har tana cewa ashe abin ba wuya, da tuni an yi haka da ba ta ƙarar da ƙafarta a layi ba. Umma tana ƙirgawa a zuci. Wani ɓangare na ranta yana roƙon ta danna koren, a ce ita ce idonta ya bambanta da na mutane, a bar komai yadda yake, ta koma gida ta ce wa Yaya kin yi gaskiya.

"To, ga biyu sun fito. Wannan ya yi dishi-dishi. Wannan kuwa ja zur, shi ke kirana. Na danna."

Mai Kitso ta kai wayar dab da hanci.

"Me ya rubuta? Karanta min, 'yar nan."

Doguwa ta leƙa wayar. "Ya ce an soke ranarki."

"Soke? Wa ya ce a soke? Ni da na sha wuya na samo Alhamis ɗin?"

Umma ta juyo da kujerarta. Oga na tsaye hannu a aljihu, yana kallon wayar.

"Mutum ɗaya ce," ya ce, ba da ƙarfi ba.

"Da na wuce ma mutum ɗaya ce," in ji Umma.

Oga ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Na yi wa mutanen asibiti alkawarin ƙarshen wata. Kuma na yi wa yaran nan alkawarin ba za a taɓa mata aiki ba." Ya mayar da tabaran. "Da tana nan da ta cinye ni ɗanye a kan wannan. Zan kira su in ce a bar tagar a buɗe tukuna."

Ya sunkuya a kan kwamfutar Doguwa ya danna ɗan kwaɗon. Ya buɗe. Ya koma ɗakinsa ya ja ƙofa, ta gilashin suna ganinsa ya zauna da waya a hannu bai kira ba tukuna.

Doguwa ta jawo wa Umma kujera kusa da ita. Ta ce kafin komai za ta adana aikin yadda yake a tarihin fayil ɗin, duk ranar da aka so a ga yadda Auta ta bar shi za a iya buɗewa. Ta yi hakan, ta sa masa kwanan watan.

"Amma sunan da ke sama fa?" Umma ta tambaya.

"Na sama zai sauya. Ba yadda za a yi."

Doguwa ta yi bayanin gyaran. Za a cire jan gaba ɗaya. Maɓallin amincewa zai cika faɗin shafin, da launi mai ƙarfi, shi kaɗai a tsakiya. Sokewa ta koma ƙasa, ƙaramin rubutu nesa da yatsa, kuma ko an taɓa sai waya ta sake tambaya kafin ta soke. Ta nuna mata wani gefe na filin inda Auta ta jera maɓallan asali. Kowane maɓalli a aikin yana da uwa a nan, in aka gyara uwar duk 'ya'yan da ke shafuka goma sha biyu za su bi.

"Kamar takardar da nake yanka riga a kanta," in ji Umma.

"Haka ita ma take cewa."

Doguwa ta kai 'yar kibiyar da ake nuni da ita a kwamfuta kan jan maɓallin. Ta tsaya.

"Takardar rawayar fa, Mama? In goge?"

"Bar ta. Ba ƙarya ta yi ba."

Kibiyar na nan inda take. Minti ɗaya, biyu.

"Ita ta koya min aikin nan," in ji Doguwa. "Ranar da na zo ko sunan kayan aikin ban sani ba. Ba zan iya ba, Mama. A kira wani."

"Wani bai san hannunta ba. In riga ta matse, wanda ya san ɗinkin shi ke farkewa, don kada ya yaga yadin. Taɓa."

"Sunanta zai tashi."

"Na sani. Ina kallo."

Mai Kitso ta miƙo hannu ta dafa gwiwar Umma.

Doguwa ta danna. Jan ya koma toka. A shafi na bakwai ma ya koma toka, da wasu wurare biyu can gefe. Umma ba nan take kallo ba. Idonta na sama. Sunan ya ɗan tsaya kamar ba abin da zai faru, sai ya ƙifta, wasu baƙaƙe suka maye wurin, dogaye, waɗanda ba ta sani ba. A gefensu aka rubuta wani abu gajere.

"Me ya ce?"

"Ya ce yanzun nan."

Umma ta gyaɗa kai. Hawayen da suka ƙi zuwa ranar da aka kawo kwali suka zo, ba sauti, ta bar su suna sauka a kan mayafi. Doguwa ta kifa kai a tebur. Sauran suka sunkuyar da kai kan aikinsu, ba mai danna komai.

Da Umma ta natsu ta sha ruwan da aka kawo tun ɗazu.

"In kin gama, kada ki kawo min, kada ki kai wa wannan. Mu biyu mun san amsa. Ki zo asibitin ranar Alhamis da sassafe. Mutum ashirin ne a bencin, ba wanda ya taɓa gani."

"Zan zo."

"Ki sa takalmi mara tsini, tsayuwa za ki yi. Kuma kada ki ji tausayin kowa, kada ki bari su ji naki."

"Ki zo da haƙuri kuma," in ji Mai Kitso. "Akwai wani mai gadi a cikinsu, kurma ne, sai kin yi ihu."

Saukowa ta fi hawa wuya ga tsohuwar. Umma ta riƙe mata hannu suna bin matakala ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa ƙarar injin hura taya ta cika titi. Ta tsayar mata da abin hawa, ta taimaka mata ta shiga, ta tsaya har suka sha kwana.

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Yaya ce.

"Umma, na zo gida ba kya nan. Kina ina?"

"Ofishinsu."

"Kin faɗa musu?"

"Na faɗa."

"Sunan fa?"

"Ya tashi."

Umma tana jin numfashinta a wayar, tana jin yadda take ƙoƙarin danne kuka. Ta jira. Ba ta ba da haƙuri ba, ba ta kuma ƙara bayani ba.

"Kin ci wani abu tun safe?"

"A'a."

"Ki samu inuwa ki tsaya. Kada ki hau komai, ga ni nan zuwa."